Zaman Gida: In Karen Gida Ya Tsufa

Ga hunturu ya ƙaraso, kowane gida kuwa yana shirinsa. An fito da barguna, an sayo man shafawa domin kaushi, ana kuma lura da tsofaffi kada sanyin asuba ya kama su. A wannan wata ina so mu yi magana a kan wani tsoho wanda ba a cika tunawa da shi ba, ko da yake shi ne mai kwana a waje. Ina nufin karen gida.

Gidajen masu bi da yawa suna da kare. Waɗansu domin tsaro, waɗansu domin farauta ko korar birai daga gona, waɗansu kuwa yara ne suka yi ta roƙo har aka kawo musu ɗan kwikwiyo. Sa'ad da yake da ƙarfi kowa yana yabonsa. Amma shekara takwas ko tara ba ta da wuyar wucewa. Ran nan sai a kira shi da safe, yana kaɗa wutsiya, amma ya kasa miƙewa da wuri. Sai maigida ya ce, "Karen nan ya zama rago." Ba ragwanci ba ne, ciwo ne.

Ga yadda abin yake. Inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, Allah ya sa guringuntsi mai santsi a kan kowannensu, da ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani, domin gaɓa ta yi motsi ba tare da gogayya ba. Da shekaru suka yi nisa sai guringuntsin ya zaizaye, ƙashi ya soma gugar ƙashi, gaɓar ta kumbura ta yi tauri. Duk wadda ta taɓa taka keken ɗinki wanda ya daɗe bai sha mai ba ta san irin abin da nake faɗi. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, irin wanda yake damun iyayenmu. A jikin kare ya fi kama kwatangwalo, da gwiwa, da gadon baya. Karnukanmu na gida sukan soma nuna shi daga shekara bakwai ko takwas. Manyan karnukan waje, kamar Alseshan, sukan riga su, gama da yawa cikinsu tun suna ƙanana kwatangwalonsu bai zauna daidai ba. Karen da mota ta taɓa bugewa, ko wanda tarko ya taɓa kama masa ƙafa, shi ma yakan biya bashin wannan rauni da tsufa. Ba a warkar da amosani. Amma ana iya rage zafinsa ƙwarai, har kare ya ƙara waɗansu shekaru yana tafiya da ƙafafunsa.

Kare ba ya kuka saboda ciwon da ya daɗe a jikinsa. In an taka masa wutsiya zai yi ƙara, amma ciwon kullum sai ya haɗiye shi. Don haka da ido ake ganewa. Yakan tashi da ƙafafun gaba tukuna, sa'an nan ya jawo na baya. Takunsa na fari da safe a sandare yake, in ya ɗan zazzaga sai ya sake. Dā shi ne a gaba in za a gona, yanzu yana can baya, ko kuwa ya raka ku bakin hanya ya komo. Yana tsayawa a gindin dakali yana dubansa, ba ya hawa. Cinyoyinsa suna ramewa alhali kafaɗunsa suna nan. Wani yakan yi ta lasar gaɓa guda har gashin wurin ya canja launi. Wani kuma da dare ba ya samun kwanciya, ya tashi nan ya koma can, yana haki ko da ba a zafi. Akwai kuma wanda bai taɓa yi wa kowa gurnani ba, yanzu in an taɓa bayansa sai ya yage baki.

Kafin a ce tsufa ne

A nan sai mu yi hankali, gama ba kowane karen da ƙafafunsa suka mutu ne tsufa ya kama ba. Amosani a hankali yake zuwa, wata da watanni. In kuwa karenku yana lafiya ran Lahadi, kafin Laraba ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa, to, a tuna da ciwon haukan kare. Mutane suna tsammani mahaukacin kare sai wanda yake gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wani iri na shiru. Kare ya nemi lungu ya kwanta, ƙafafu su shanye, haɓa ta saki, miyau yana zuba, muryarsa ta sake, ba ya iya haɗiya. Sau da yawa mutanen gida sukan ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, sai wani mai tausayi ya sa hannu a bakin domin ya ciro. Kada kowa ya yi haka. A rufe karen inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba, a aika a kira likitan dabbobi. In ya ciji wani, ko miyansa ya taɓa rauni ko ido, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a jira a ga abin da zai faru, gama in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum ba sauran magani.

Saboda haka allurar rigakafi ta kowace shekara ba a daina ta don kare ya tsufa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da take Vom, kusa da Jos, wadda take aiki a can tun 1924, tana yin wannan allura, kuma a can ake gwada kan karen da ake zato ya mutu da ciwon. A ajiye takardar shaidar allurar tare da katin asibitin yara, domin ranar da aka yi cizo ita za a fara tambaya.

Abu na biyu shi ne kaska. Kaska takan sa wa kare ciwon da yake cinye jini. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne. In ya yi fari fat, kare kuma ba ƙarfi, jikinsa da zafi, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara, wannan ba amosani ba ne, kuma yana da magani in an yi hanzari. Tsutsar ciki ma takan shanye jini haka. Amma ina roƙonku, kada a yi wa kare wanka da kananzir, ko baƙin mai, ko maganin feshin gona domin kashe kaska. Fata tana shan waɗannan abubuwa, kare kuma yana lasa, tsohon kare kuwa hantarsa ba ta iya ɗauka. In ƙafa ɗaya ce kawai yake ɗagawa, a duba tsakanin yatsu tukuna. Sau da yawa ƙaya ce ko ƙaramin tsakin kwalba.

Maganin mutum ba na kare ba ne

Wannan ita ce maganar da ta fi damuna. Uwargida ta ga kare yana ɗingishi, tausayi ya kama ta, sai ta ɗauko ƙwayar da Baba yake sha domin gwiwarsa, ta cusa a cikin lomar tuwo ta ba shi. Nufinta mai kyau ne. Amma ibuprofen, da diclofenac, da naproxen, da sauran 'yan'uwansu da ake saya a kemis, sukan huda cikin kare su kuma lalata masa ƙoda. Bayan kwana kaɗan sai a ga yana amai, kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, watau jini ne yake zuba a ciki. Garin Alabukun ma asfirin ne da sinadarin da yake cikin goro, ba na kare ba ne. Farasitamol kuwa sai in likita ne ya auna, kuma kada a kuskura a ba kyanwa shi ko kaɗan, gama kashe ta yake yi. Waɗansu sukan ba da tramadol. Ban da cewa ƙwaya ce wadda ba ta kamata ta zauna a gidan da akwai samari ba, wani bincike da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka buga a 2018, ya nuna ba ta rage ciwon amosanin kare.

Akwai magungunan da likitocin dabbobi suke bayarwa, kamar meloxicam da carprofen, suna kuwa aiki sosai. Kare wanda ya yi watanni yana jan jiki, sai a ga cikin mako guda ya fito tarye ku a ƙofa. Amma awo ne dukan maganar. Ga misali. Kare mai nauyin kilo 15, abin da yake bukata na meloxicam a yini bai wuce miligiram ɗaya da rabi ba. Ƙwayar mutane kuwa akwai mai miligiram 15. Kun ga ƙwaya guda ta ninka abin da jikinsa yake so har sau goma. Don haka ne ake kai kare a auna nauyinsa, in da hali a duba jininsa domin a san lafiyar ƙoda da hanta, sa'an nan likita ya faɗi abin da za a ba shi. A ba da maganin tare da abinci, ruwan sha kuma kada ya yanke. In ya soma amai, ko zawo, ko ya ƙi abinci, a tsai da maganin a koma wurin likita. Kada kuma a haɗa shi da dexamethasone ko prednisolone. In wani ya riga ya yi wa karen allura a gida, a gaya wa likita gaskiya, kada a ɓoye don kunya.

A ƙasashen Turai tun 2020 an yarda da wata allura da ake yi wa kare sau ɗaya a wata domin wannan ciwo, Amurka kuma ta yarda da ita a 2023. Tana da tsada ƙwarai, ba kuwa ita ce za ta fisshe yawancinmu ba. Wanda yake kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Saura kuwa sai su nemi asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da su.

Abin da ba ya cin kuɗi

To, yanzu ga abin da kowane gida zai iya yi, kuma a ganina shi ne rabin maganin.

A fara da wurin kwana. Daɓen siminti da sanyin hunturu su ne manyan abokan gāban tsohon kare. A sami buhu biyu a cusa musu tsummoki, ko a yanko guntun tsohuwar katifa, a shimfiɗa a lungun da iska ba ta bugawa, a zaure ko a bayan madafa. Kaurin shimfiɗar ya kai yadda in ka danna da hannu ba za ka ji ƙasa ba. A riƙa shanya ta a rana, a kuma wanke, saboda ƙuma da kaska. Da safe in jikinsa ya sandare, a zuba ruwan ɗumi a kwalba, a naɗe da tsumma, a ɗora a kan kwatangwalo kamar minti goma. A gwada a kumatu tukuna. In ya yi maka zafi, ya yi masa. Da bazara kuma abin ya juya, inuwa da ruwa yake bukata, gama tsohon kare ba ya jure zafi, wani lokaci kuma rana takan iske shi inda yake kwance ya kasa tashi ya kauce.

Gidajen birni masu tayil suna da kyan gani, amma ga tsohon kare kamar tafiya a kan santsin rafi ne. Ƙafafunsa su buɗe, ya faɗi, daga nan sai ya ji tsoron tashi. A shimfiɗa tsohuwar tabarma ko buhuna a hanyar da yake bi. Inda akwai matakala biyu ko uku, a jingina faffaɗan katako, a buga masa buhu a kai domin kada ya zame. A yanke masa farce. Karen da ya rage yawo farcensa ba ya cinyewa, in kuwa ya yi tsawo sai ya karkatar da yatsu ya ƙara ciwo. A yanke baki-baki kawai, gama akwai jijiyar jini a ciki. In tashi ya yi masa wuya, a zura tsohon zane a ƙarƙashin cikinsa kusa da ƙafafun baya, a riƙe bakin biyu a sama, a tallafa masa har ya sami tsayuwa. Kada a ja shi ta wutsiya ko ta ƙafa.

Waɗansu suna tsammani hutu ne maganinsa, sai su ɗaure shi da sarƙa yini guda. Wannan yana ƙara sandarar da gaɓa, naman cinya kuma ya narke, alhali naman nan shi ne yake riƙe da gaɓar. Tafiya kaɗan kullum ita ce daidai. Minti goma ko goma sha biyar da safe in rana ta ɗan hau, haka kuma da yamma, a kan ƙasa mai laushi, shi ne kuma zai sa muku sauri, ba ku ba. In washegari ya fi jiya ɗingishi, an yi yawa, sai a rage. Abin da ba shi da kyau shi ne ya kwana shida a kwance, ran Asabar samari su kwashe shi zuwa farauta. Zai bi su, gama zuciyarsa ba ta tsufa ba, amma zai yi kwana uku yana biya. Karen bana shi ke maganin zomon bana. A bar tsohon ya tsare gida.

Sai maganar abinci, a nan kuwa gidajenmu iri biyu ne. Karen birni wanda yake shan romo da ragowar shinkafa yana kwance, ƙiba ce take kashe masa ƙafafu. An yi wani gwaji a Amurka da karnuka 48, aka buga sakamakonsa a 2002. Aka raba su biyu-biyu, 'yan ciki ɗaya, ana rage wa ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa yake ci, har iyakar ransu. Waɗanda aka rage wa suka fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, kuma sai da suka yi wajen shekara uku a bayan 'yan'uwansu kafin su bukaci maganin amosani. A shafa haƙarƙarin karenku. Ya kamata hannu ya ji ƙasusuwan da sauƙi, amma ido kada ya ƙirga su daga nesa. In sai an danna kafin a ji su, a rage masa kwano, a kuma hana yara jefa masa loma.

Karen ƙauye kuwa sau da yawa rama ce damuwarsa. Dā yana cika cikinsa da ɓera da gafiya da abin da ya tsinta, yanzu ba ya iya kamawa, haƙora kuma sun zube, ƙanzon da ake jefa masa ya fi ƙarfinsa. A jiƙa masa tuwo da ruwan ɗumi ko romo, a sa ɗan kifi, ko ƙwai dafaffe, ko wake da ya nuna lugub. Kifi mai mai yana taimakon gaɓɓai. A ɗebi nasa kafin a zuba yaji da albasa, gama albasa mai yawa tana ɓata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe kuma yakan tsage ya soke hanji. A raba abincin sau biyu, a ba shi shi kaɗai, domin ƙananan karnuka da kaji sukan cinye kafin ya taso. In sunkuyawa tana ba shi wahala, a ɗora kwanon a kan bulo.

Ku iyaye, ku gaya wa yara cewa karen nan ba doki ba ne. Kada su hau bayansa, kada su tashe shi daga barci da taɓawa, gama mai yiwuwa kunnensa ya yi nauyi, idonsa kuma ya yi hazo, bai ji zuwansu ba. Cizon da yawa irin wannan firgita ce take kawo shi. A maimakon haka a ba su aiki. Wannan ya cika kwanon ruwa, wancan ya shanya shimfiɗa, babbansu ya fita da shi da yamma. Yaron da ya koyi tafiya a hankali saboda tsohon kare, ba zai yi wa kakarsa tsaki ba in tana jan ƙafa a hanyar majami'a.

Na san wani zai ce, "Muna fama da kuɗin makaranta da na asibiti, sai mu kai kare wurin likita?" Tambaya ce ta gaskiya. In kuɗin maganin yaro da na kare suka yi karo, na yaro ne a gaba, ba gardama. Amma buhu da tsumma da ruwan ɗumi ba su hana kowa biyan kuɗin makaranta ba. Littafin Karin Magana, sura 12 aya 10, ya sa kula da dabba cikin abubuwan da ake gane adali da su. A Fitowa sura 23 aya 5 kuma, an umarci mutum ya taimaka a tā da jakin da kaya suka danne, ko da na maƙiyinsa ne. In haka ne game da jakin maƙiyi, ina ga dabbar da ta yi shekara goma tana kwana a ƙofarka domin kai ka yi barci?

Akwai ranar da dabara takan ƙare. Kare ya daina tashi ko da an tallafa masa, yana fitsari da kashi a kwance, ya ƙi abinci, magani kuma ba ya yi masa kome. Muddin yana kwance haka, a riƙa juya shi sau da yawa a yini, a goge shi a busar, a duba kwatangwalo da gwiwar hannu kullum, gama gyambo yakan buɗe a nan, ƙuda kuwa ba ya jira, kwana ɗaya ko biyu sai tsutsa. Amma in iyali suka duba suka ga kwanakin wahala sun fi na sauƙi yawa, sai a yi shawara da likitan dabbobi. Akwai allurar da take sa kare barci, numfashinsa ya tsaya cikin 'yan mintoci ba tare da azaba ba. Wannan ba mugunta ba ce. Mugunta ita ce a kai shi jeji a yar, ko a sa masa guba, wadda take kashewa da wuya, tana kuma iya komawa kan kaji ko yaro.

A waɗansu wurarenmu akwai masu zagawa suna sayen karnuka domin kaiwa kasuwa. Ba zan shiga maganar abin da kowace kabila take ci ba. Abin da zan ce shi ne, karen da yake shan magani, ko wanda ba a san abin da ya kwantar da shi ba, bai kamata ya shiga tukunyar kowa ba, kuma mai fiɗar karen da yake da ciwon hauka yana iya ɗauka. Banda haka, a cusa dabba mai ciwon gaɓɓai a keji tare da waɗansu, a yi tafiyar yini da ita a rana, kuɗin da za a karɓa bai kai ba.

In ya mutu, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne shi, a ɗora duwatsu domin kada waɗansu dabbobi su tone. A ƙone shimfiɗar. In yara suka yi kuka, a bar su su yi, kada a yi musu dariya, kada kuma a ce musu ya gudu ne. Kafin a kawo sabon kwikwiyo a share wurin sosai saboda kaska, in ya kai wata uku kuma a kai shi allurarsa ta fari.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda za a tsare kaji daga ciwon da yakan share su da hunturu.